Garin da Sagir Ya Zana

Labarin rasuwar Sagir bai zo mini ta bakin mutum ba. A waya na gan shi, da safiyar wata Talata, ina matse a bayan tasi a kan hanyar Wuse a Abuja. Wani ne ya turo bidiyo a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, ya jera fuskokin nan masu dariya har da hawaye, ya rubuta a ƙasa: “Ga ƙarshen iskanci.” Na buɗe. Mutum ne kwance a gefen titi a gangaren Kugbo, da takalmin taya a ƙafafunsa, jama'a sun yi masa zobe, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Babu wanda ya sunkuya. Ana jin muryar wani yana cewa ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni ma tsaki na yi, don ban ga fuska ba. Sai da mai ɗaukar ya matsa kusa da hannun, na ga koren fenti a ƙarƙashin farce da tabon ƙuna a bayan babban yatsa, sannan na ce wa direba ya tsaya. Na fito na durƙusa a bakin kwalbati ina ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un, motoci suna ta wucewa.

Daga baya aka gaya mini yadda abin ya faru. Ya riƙe bayan wata bas da ta taso daga Nyanya, kamar yadda masu takalmin taya suka saba, bas ta taka birki ba zato, tifa kuma tana biye. An ce ya jima yana numfashi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, na kuma yarda. Amma ban yafe wa waɗanda suka tsaya ɗaukar hoto ba, ba kuma zan yi ƙaryar na yafe ba.

Sunana Haruna. Ni ne abokin aikin Sagir a wani ɗan ɗaki da ke saman shagon gyaran waya kusa da kasuwar Wuse. Shekaru muka yi a ɗakin nan muna haɗa gem guda ɗaya, wato irin wasan nan da ake bugawa a waya ko kwamfuta. Shi ne mai zane, ni ne mai rubuta umarnin da kwamfuta take bi don zanen ya motsa. Gem ɗin na ƙungiyoyin masu takalmin taya ne, 'yan Nyanya da 'yan Mararaba da 'yan Wuse, kowace ƙungiya da alamarta. Ka sulala a titi, ka hau ƙarfen gada, ka fesa alamarku a bango, layin ya zama naku har sai wasu sun zo sun fesa tasu a kai. Da salon katun ya zana shi, baƙin layi mai kauri a gefen komai, launuka kuma kamar sabuwar atamfa. Abokin gabar kowa a ciki wani babban ma'aikaci ne da ake kira Oga Darakta, wanda yake yawo da rundunarsa da bokitan farin fenti suna shafe duk abin da aka zana. Saura kaɗan mu gama Allah ya karɓi abinsa.

Al'adarmu ce idan mutum ya mutu a ce ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Idan na faɗi haka a kan Sagir, shi ne zai fara yi mini dariya. An ji kansa da kowa. Harshensa reza ne, kuma bai taɓa neman kube ba. Na taɓa ɓata makonni ina gyara yadda ɗan wasa zai yi tsalle daga kan gada ya dira a rufin bas. Na nuna masa ina jin kaina. Ya kalla, ya ce in sake, ya kuma kalla.

“Haruna, wannan ai ba tsalle ba ne,” in ji shi. “Akuya ce mai ciki ta faɗo daga katanga. Kai ka taɓa faɗuwa a rayuwarka kuwa?”

Ranar Lahadi da safe ya ja ni wani filin ajiye motoci, ya ɗaura mini takalmin taya, ya ce in tsaya ya duba igiyar, sai kawai ya hankaɗa ni ta baya. Na ci ƙasa, gwiwata ta yage, wandona ya tashi aiki. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Da ya gama ya miƙo mini hannu ya ce, “Yanzu je ka rubuta abin da gwiwarka ta ji.” Na yi kwanaki ba na yi masa magana. Abin haushin kuma, tsallen da na sake rubutawa bayan nan shi ne mafi kyau a gem ɗin.

Idonsa ba ya neman kyau a jikin mutum, aibu yake nema, kuma da ya kalle ka sau ɗaya ya samu. Ni ya zana ni da kunnuwa kamar faifai, ya mayar da ni matsoracin ƙungiya wanda yake fara gudu kafin a ga 'yan sanda. Wata baiwar Allah da ta zo ta ba mu muryarta don wata 'yar wasa, ya ce mata muryarta kamar ƙofar da aka manta ba a sa wa mai ba. Da kuka ta sauka daga benen. Na ce ya bi ta ya ba ta haƙuri, ya ce, “Gaskiya ba ta ba da haƙuri.” Na ce masa wannan ba gaskiya ba ce, rashin mutunci ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da zane.

To me ya zaunar da ni da irin wannan mutum? Aikinsa. Sagir ba ya zana motsin da bai yi da jikinsa ba, shi ya sa yake bin masu takalmin taya na Mararaba, yana faɗuwa inda suke faɗuwa. Yakan ce, “Abuja gari ne da aka gina wa motoci, mu mutane baƙi ne a cikinsa.” So yake mutumin da ya tashi tun asuba ya ƙare ƙuruciyarsa a go-silo tsakanin Mararaba da cikin gari ya buɗe waya ya ga layinsu, ya ga mai shayin ƙarƙashin gada, ya ji kwandasta yana ƙwala kiran Nyanya, kuma a ce yau shi ne mai garin. Ranar da na fara ganin kasuwar Wuse a cikin zanensa, da laimominta da hayaƙin suya, tsigar jikina ta tashi. Ban gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Sagir shi ne auta a gidansu. Mahaifinsu ya rasu tun yana ƙarami, babban wansa Alhaji Bashir ne ya riƙe gidan, kuma a wurinsa mahaifiyarsu, wadda kowa yake kira Umma, take zaune. Alhaji Bashir mataimakin darakta ne a wata ma'aikata. Shi ya samar wa Sagir aikin gwamnati, Sagir ya ajiye aikin kafin shekara ta zagayo, daga nan zumunci ya yi tsami. Wata rana Umma ta aiki Sagir ofishin wan nasa da saƙo, ya shiga da hannu duk fenti, ya tarar da baƙi. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi ko wane ne. Alhaji Bashir bai ko ɗago ba ya ce, “Wani mai fenti ne yake neman kwangila. Jira a waje.” Sagir ya dawo ɗakinmu, ya zauna ya zana Oga Darakta daga hula har takalmi. Na leƙa na gani, na ce masa, “Sagir, ka ji tsoron Allah, ɗan'uwanka ne fa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.” Ya ce, “Ni ban yanke ba. Zana shi kawai na yi.”

Ranar jana'iza abokan wasansa sun zo daga Mararaba, Musulminsu da Kiristansu, kowa ya rataye takalminsa a wuya don girmamawa. Babbansu, wani makanike mai suna Bitrus, ya matsa zai yi gaisuwa. Alhaji Bashir ya dube su sama da ƙasa ya ce wa maigadi ya rufe get, wai waɗanda suka kashe yaro ba za su zo su ci shinkafar mutuwarsa ba. Bitrus ya ce, “Oga, ba abinci ya kawo mu ba. Mutumin namu ne.” Ba a saurare shi ba. A tsallaken titi suka tsaya cikin rana har aka fito da gawa, suka bi motar a baya da ƙafa iya inda za su iya.

A ranar sadakar uku ne komai ya lalace. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa bayan an shafa addu'a, wani kawunsu da ya zo daga Zariya ya tambaye ni wai wane irin aiki marigayi yake yi ne, don shi dai an ce masa zaman banza yake. Abin ya ƙona mini rai. Na ciro waya na buɗe gem ɗin na miƙa masa. Dattijo ya riƙe yana ta mamaki, matasa suka taru a kansa, wani ya karɓa ya fara bugawa. Can sai ga Oga Darakta ya shigo, tumbi a gaba, hula a karkace, yana kaɗa makullin mota a yatsa, ya buɗe baki ya ce, “Ka san ko ni wane ne?” A daidai lokacin Alhaji Bashir yana tsaye a bakin rumfa yana sallamar baƙi, hularsa a karkace, makullin mota yana juyawa a yatsansa. Wani ya dubi waya ya dubi mutum, dariya ta kuɓuce masa. Ta kama na kusa da shi. A gidan makoki, a gaban abokan aikin Alhajin. Alhaji Bashir ya zo ya karɓi wayar, ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini cikin ladabi ya ce, “Na gode, Malam Haruna.” Wannan godiyar ta fi zagi ba ni tsoro.

Bai zo kaina ba, kan Umma ya je. Ƙanwarsa ce, yayar Sagir, ta kira ni tana kuka ta gaya mini. Ya zaunar da tsohuwa ya ce mata ɗanta ya mutu ya bar ɗaruruwan siffofi masu rai da ya zana, kuma ai ta san abin da aka faɗa a kan masu zana abu mai rai, cewa za a ce su hura wa abin da suka zana rai, ba kuwa za su iya ba. Ya ce mata muddin zanen nan yana duniya Sagir ba zai huta a kabari ba, duk sanda wani ya buɗe sai an sabunta masa azaba. Wannan ƙarin na ƙarshe ban san inda ya samo shi ba. Mutumin da hotonsa yake rataye a kowane bango na falonsa, shi ne yau ya tuna da hukuncin hoto. Umma ta daina cin abinci. Ta daina barci. Sai ta zauna a kan sallaya tana cewa Auta yana kiranta.

Na je wurin limamin masallacinmu na ba shi labari. Ya ce magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta, musamman abin da ba a sassaƙa ba, kuma ko ma mene ne hukuncin, babu wanda Allah ya ba labarin abin da ke cikin kabarin wani, balle ya tsorata uwa da shi. Ya ce a shirye yake ya je ya yi mata bayani da kansa. Na kira Alhaji Bashir na gaya masa. Ya ce gidansa ba ya buƙatar malamin 'yan gem, ya kashe waya.

Umma ce da kanta ta aiko a kira ni. Na je da kwamfutata bayan la'asar. Na same ta ta rame, idanunta sun faɗa, kwamfutar Sagir tana ajiye a gabanta a kan darduma. Alhaji Bashir yana kan kujera yana latsa waya. Na durƙusa na gaishe ta.

“Haruna,” ta ce, “an ce abin nan yana wurinka kai ma.”

“Yana nan, Umma. Rabin aikin nawa ne.”

“Na sani, ɗana. Ba iko nake nuna maka ba, roƙonka nake. Ka goge. Ka taimaka wa ɗan'uwanka ya kwanta.”

Na fara gaya mata abin da liman ya ce, ta ɗaga hannu. “Idan liman ya yi daidai, me aka rasa? Zane. Idan kuma Bashir ne ya yi daidai fa? Kai za ka shiga ramin ka ɗauke masa?”

Wallahi na yi tunanin in ɓoye kwafi ɗaya in ce mata na goge. Kamar ta ji abin da ke raina, ta ce, “Kai ba za ka yi mini ƙarya ba. Ka ce wallahi ba za ka bar ko ɗaya ba.” Na dubi Alhaji Bashir, bai ɗago ba. Na dubi hannunta a kan carbi. Na ce wallahi.

Sai ta ce kafin nan tana so ta ga abin sau ɗaya, tunda ba ta taɓa gani ba. Na buɗe, na juyo mata da fuskar kwamfuta. Na bi da ita ta tashar Nyanya, na hau gada, na gangara kasuwa. Tana ta cewa, “Ikon Allah. Auta ne ya yi wannan duk?” Ɗan wasana ya gaji, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, dole na kai shi wurin hutawa. A gem ɗin wuri ɗaya ne tak da rundunar Oga Darakta ba ta iya shiga, wani lungu a bayan kasuwa mai ƙofar langa-langa. Na tura ƙofar. Ga wata mata zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana juya masa a tanda, da shuɗin mayafi, da ɗan tabo a haɓa. Ta ɗago kai ta ce, “Auta, ka ci abinci kuwa?” Muryar Umma ce. A ɓoye Sagir ya naɗe ta a waya wata rana da ya je gida. Bai ƙara mata komai ba a zanen, bai rage ba, yadda take haka ya bar ta.

Umma ta kai hannu ta taɓa haɓarta. Ta ce in fita in sake shiga. Na fita na sake shiga, matar ta sake ɗagowa ta yi tambayarta. Ta ce in kuma. Ana jin kukan yayar Sagir daga bakin ƙofa. Na ɗauka an tsira. Wallahi na ɗauka an tsira.

Umma ta juya ta ce, “Bashir, ita ma wannan za a ce ya hura mata rai?”

“Ita ce ma ta farko, Umma,” in ji shi, idonsa a kan waya, “tunda ita ta fi kama da mai rai.”

Umma ta share ido da gefen mayafi ta ce, “To goge, Haruna. Fara da ni.”

Da ita na fara. Na goge na kwamfutata, na goge na kwamfutar Sagir, na goge na waya, na shiga ma'ajiyarmu ta intanet na goge na can. A nan ne Alhaji Bashir ya taso ya tsaya a kaina ya ce in buɗe kwandon sharar kwamfutar ma, kada wani abu ya maƙale. Na buɗe na share. Ya ce umarnina da na rubuta wa kwamfuta ba ruwansa da su, in tafi da abina. Ya ce Allah ya yi albarka, ya leƙa kicin ya ce a kawo masa shayi. Umma ta kama hannuna biyu tana sa mini albarka, tana godiya kamar na tsamo mata ɗanta daga rijiya. Washegari yayar Sagir ta kira ni ta ce Umma ta ci tuwo, ta kuma yi barci har sai da aka tashe ta sallah. Ban san ko in yi murna ko in yi ihu ba.

Na koma ɗakinmu na Wuse na buɗe abin da ya rage. Umarnina suna nan, suna aiki yadda na rubuta su. Wasu akwatuna ne masu launin toka suke sulalawa a cikin fili fayau, su yi tsalle, su dira, su fesa babu komai a kan babu komai. Na rufe. Bitrus ya tare ni a Mararaba ya tambaye ni yaushe gem zai fito, wai yaransu sun ƙosa su ga kansu. Na ce masa ba zai fito ba. Ya tambayi dalili, na kasa faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Bidiyon faɗuwar Sagir kuwa yana nan yana yawo a wayoyin mutane, babu wanda ya ce a goge shi.

Ya Allah, ga bawanka Sagir ya zo maka ba shi da komai sai rahamarka. Ka san kaifin harshensa, ka san waɗanda ya sa kuka, ka yafe masa, ka sanya su ma su yafe masa. Ni dai na yafe, duniya da lahira. Idan akwai laifi a abin da hannunsa ya zana, ka shafe shi da gafararka, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa can ta fi masa nan. 'Yan'uwansa mata ka ba su haƙuri da dangana. Abokansa da aka bari a tsallaken titi ka saka musu da alheri, ka tsare su a kan hanya. Alhaji Bashir kuwa, kai ne masanin abin da ke cikin zukata, ka saka wa kowa gwargwadon niyyarsa. Umma, ya Allah, ka dawwamar mata da barcin nan da ta samu, kada ka bari ta taɓa shakkar abin da ta yi don ɗanta, ka haɗa su a Aljanna. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.